Ciko Ba Juye Ba Ne

Akwai wani mutum, manomin tumatir, wanda Ubangiji ya sa wa fadamarsa albarka shekara uku a jere, har ya sayi a-kori-kura. Ba sabuwa ba ce, ta sha hannu, amma injinta lafiya lau. Ranar da ya je ɗaukarta, mai sayarwa ya dafa bonet ya ce masa, "Abu ɗaya zan gaya maka. Kada ka kuskura ka bar ta ba baƙin mai." Mutumin ya riƙe wannan magana gam, kamar ayar haddacewa.

Kowace safiya, kafin ya sa komai a bakinsa, sai ya buɗe bonet, ya zaro geji, wato siririn ƙarfen nan da ake duba mai da shi, ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya kamar likita zai yi allura. In ya ga man ya ja ƙasa, sai ya sayi kwalba ɗaya a bakin hanya ya yi ciko.

Ranar da ya fara saye ma sai da aka yi ƙaramar rigima. Ya ɗaga kwalbar ya ga abin ciki garau, ruwan zuma, sai ya ɓata rai.

"Malam, baƙin mai na ce maka. Wannan kuma na shan shayi ne?"

Mai man ya ce, "Zuba dai, maigida. Zai yi baƙin."

Ya zuba. Washegari ya zaro geji ya gan shi baƙi ƙirin, hankalinsa ya kwanta. Ya ce a ransa, to, yanzu ya ci sunansa. Tun daga nan ya ɗauka baƙi shi ne lafiyar mai, in ya ƙara baƙi ya ƙara nuna.

Haka ya yi shekara biyu, yana zuba sabo a kan tsoho. Ba wanda ya koya masa wani abu dabam, don shi mutum ne da in ka fara yi masa bayani, kafin ka kai rabi ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani, na sani." Amma fa ba marowaci ba ne. Motar nan ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai mawaƙan ikilisiya taro, ta ɗauki buhunan gwauraye ba a biya ko sisi ba. Duk ƙauyen suna sa masa albarka.

A kwana a tashi muryar motar ta fara sauyawa. Da can in ya murza makulli sai ta ce "rrrrr" a hankali, kamar kyanwa ta ƙoshi. Yanzu kuwa sai ta yi "kaf, kaf, kaf", ta yi shiru tana tunani, sa'an nan ta kama. Matarsa, wadda ake kira Maman Keziya, ita ta fara ji.

"Baban Keziya, motarka fa tana tari."

"Ba tari ba ne. Gyaran murya take yi."

"Wata uku tana gyaran murya, yaushe za ta soma waƙar?"

Ya je ya ƙara wa motar rabin kwalba.

Sai lokacin ɗiban tumatir ya zo. Gida biyar suka haɗa nasu da nasa, kwando arba'in, aka ɗaure a bayan a-kori-kura. Noman shekararsu ke nan gaba ɗaya. Kasuwar tana da nisa, akwai dogon hawa a tsakani, manyan motocin da ke saye su kai kudu kuwa da rana tsaka suke tashi. Kowa ya san tumatir ba ya jiran gobe. In ya kwana a kwando cikin wannan zafi, sai dai a zubar wa awaki.

Suka kama hanya da sassafe, Maman Keziya tana gaba kusa da shi. Ba su ci rabin tafiya ba injin ya fara wata sabuwar ƙara, "ƙwas, ƙwas, ƙwas", kamar ana daka tsakuwa a turmi. Wata 'yar jar fitila ta kama a gaban sitiyari. Manomin ya ga fitilar, ya kau da ido. Ya ce, "Ƙishi take ji. Bari mu ba ta kwalba ɗaya."

Ya tsaya a wani ƙauye da ke gindin hawan. A ƙarƙashin wani mangwaro akwai wani tsohon bakanike, ana ce da shi Baba Habila, yana zaune a kan tsohuwar taya yana cin gyaɗa. Tun motar tana nesa ya daina tauna, ya karkata kunne. Da ta tsaya, ya taso a hankali.

"Sannunku da hanya. Ɗana, kashe ta."

"Baba, sauri muke yi. Kwalba ɗaya kawai za ka ba ni in yi ciko."

"Kashe ta tukuna. Yaushe rabonka da yi mata juye?"

Manomin ya ja da baya, ya dafe ƙirji. "Juye? Allah ya kiyaye, Baba. Shekara biyu ina tuƙa motar nan, ba ta taɓa juyewa ba. Ko akuya ban taɓa bugewa ba."

Baba Habila ya dube shi, ya dubi matar, ya mai da sauran gyaɗar aljihu.

"Ba juyewar mota nake nufi ba. Juyen mai. A kwance noti a ƙasa, a zubar da tsohon duka, a sa sabo."

"A zubar? Na sa..." Bakinsa ya saba, har ya ɗauko "na sani", sai maganar ta maƙale a hanya, gama wannan karon bai sani ba. Ya ce, "Amma ai baƙin mai ne. Kullum ina dubawa, baƙi yake."

"Sunansa ke nan, ba lafiyarsa ba. Ni ma Baba ake ce mini, amma ba ni na haife ka ba."

Maman Keziya ta juya fuska wajen taga, kafaɗunta suna rawa.

Manomin ya dubi rana, ta fara ɗagawa. Ya dubi kwandunan, ya tuna fuskokin waɗanda suka ɗora masa su. Ya ce, "Baba, ka yi mini ciko yanzu, in na dawo sai a yi wannan juyen naka. Tumatir ɗin mutane ne a bayana."

Tsohon ya nuna masa hawan da haɓa. "Ka ga wancan? Da wannan lodin, injin nan ba zai kai rabinsa ba zai buga. In ya buga, ba kai ba kasuwa yau, ba kai ba mota har kaka ta zagayo. Ka ba ni awa ɗaya a nan, ko ka ba wa hawan nan duka. Zaɓi naka ne, ni gyaɗata tana jirana."

Manomin ya yi lissafi. Awa ɗaya tana iya sa motocin kudu su tashi su bar shi. Ga shi kuma yana jin ciwon a zubar da man da ya yi shekara biyu yana tarawa da hannunsa. Matarsa ta ce a hankali, ba da wasa ba wannan karon, "Baban Keziya, ka ba shi makullin."

Ya miƙa.

Baba Habila ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar, ya tara wani tsohon kwano, ya kwance notin. Suka jira. Da farko ba abin da ya fito. Can sai wani abu ya leƙo, ya yi tsayi, ya faɗo "ɗal" a cikin kwanon, kamar kwalta. Wani ya biyo shi da ƙyar. Tsohon ya lakato kaɗan ya shafa wa manomin a tafin hannu.

"Murza."

Ya murza da yatsa, ya ji tsakuwa-tsakuwa, ya ga wasu ƙananan abubuwa suna ƙyalli.

"Ƙasar hanya ce, da garin ƙarfen injinka. Cin kansa yake yi. Duk sabon da kake zubawa, wannan ne yake tarbarsa a ƙofa, kafin dare ya mai da shi ɗan gida."

Mutumin ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Kunya ta rufe shi, sai kuma wani sanyi ya biyo bayanta, da ya gane inda ya nufa da kayan mutane, da inda aka tare shi.

Tsohon ya bar ƙazantar ta tsiyaye sarai, ya cire tsohuwar filta, wato matatar man, ya ɗaura sabuwa, ya mai da noti, ya zuba sabon mai har ya kai alama. Ya ce a tayar. Injin ya yi 'yar ƙara kaɗan, sa'an nan ya lafa, jar fitilar ta mutu.

Manomin ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, sau nawa ake yi?"

"Hanyarka ce za ta gaya maka. Mai yawo a kwalta ba kaya yana iya jinkirtawa. Kai kuwa mai burji da lodi, kada ka wuce kilomita dubu biyar."

"Agogon kilomitar ya mutu tun kafin in saya."

"To ƙirga wata. Uku in aiki ya yi yawa. Kada ka jira sai ta yi kuka, kuka ƙarshen magana ne."

Suka hau hawan a hankali, motar tana ja ba gardama. Da suka isa kasuwa, motocin kudu sun tashi sai guda ɗaya, ana ɗaure mata tamfol. Direbanta yana ta faɗa wai lodinsa bai cika ba. Kwandunan nan su suka cika ta.

Da suka dawo, manomin ya tsaya a gindin mangwaron, ya sauke kwando guda daga nasa da ya ware, ya durƙusa har ƙasa, shi da bai saba durƙusa wa kowa ba. Baba Habila ya ce, "Tashi, ɗana. Ni kunne kawai na bayar. Gode wa wanda ya sa ƙishin ya kama ta a ƙofata, bai bari sai a tsakiyar hawa ba."

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Motar ita ce zuciyarmu, man kuwa shi ne abin da muke rayuwa da shi a ciki. Da yawanmu gwanayen ciko ne. Lahadi ta zo mu zuba wa'azi, Laraba mu ƙara addu'a, mu yi waƙa, mu ba da baiko, duka abubuwa ne masu kyau, garau kamar zuma. Amma a ƙasa akwai gabar da muke yi da 'yar'uwa tun bikin bara, akwai ƙaryar da ba mu taɓa furtawa ba, akwai ƙyashin da muke ji in maƙwabci ya yi rufin kwano. Sabon ya sauka a kan tsohon, kafin Litinin ya yi baƙi. In aka yi mana magana mu ce, "Ai halina ne, haka Allah ya yi ni." Mun ba datti suna, mun ɗauka sunan ya mai da shi lafiya.

Juye shi ne tuba. Ba ƙari ba ne, zubarwa ce. Sai ka tsaya, ka miƙa makulli ga Yesu, ka bari ya kwance abin da ka ɗaure, ya fito ka gan shi da idonka, komai muninsa. Ba ya zubar da tsohon don ya bar ka fanko. Yana zubarwa ne don ya cika ka da Ruhunsa.

Sau nawa? Gwargwadon hanyarka. Uwar da ke fama da yara shida, da mai tsayuwa a kasuwa ana zaginsa yana haɗiyewa, da mai jinyar tsoho, ku ne masu burji da lodi, kada ku jira sai taron shekara. Ku tuna kuma ba ku kaɗai ne a motar ba, akwai kayan mutane a bayanku.

Abin godiya shi ne, Ubangiji ba ya jin daɗin ganin kowa ya buga a hawa. Yakan zaunar da wani a gindin hanya mai kunne, wani lokaci fasto, wani lokaci matarka, wani lokaci wanda ba ka ma so ka ji daga bakinsa ba. In akwai wanda ya taɓa ce maka "kashe ta tukuna" ka ji haushinsa, yau bayan sujada ka neme shi ka gode masa.