Matar Da Ta Kori Alkama Daga Gidanta

Akwai wata mace gwauruwa a wani gari, tana da 'ya ɗaya tak, sunanta Keziya. Mijinta ya rasu tun yarinyar tana goye. Ita kaɗai ta yi noma, ta yi kiwon kaji, ta raine ta har ta aurar da ita ga wani malamin makaranta mai suna Barnaba. Mutanen gari ba sa kiran matar da sunanta, sai dai Maman Keziya. Ita ma ta fi son haka, gama abin da take da shi ke nan a duniya.

Keziya ta yi ciki, ya zube. Ta sake yi, ya sake zubewa. Kullum tana fama da ciwon ciki da kasala, tana ramewa kamar ba a ba ta abinci. Aka yi addu'a, aka sha saiwa da sassaƙe, daga bisani aka kai ta babban asibiti a birni. Can likita ya auna ta, ya ce jikinta ba ya shiri da alkama. Akwai wani abu mai danƙo a cikin alkama, ana kiransa gulutin, shi ne yake ɓata mata hanji, har abinci ba ya amfanar jikinta, balle ya kai ga ɗan da ke ciki.

Likitan ya ce, "Ba burodi kaɗai nake nufi ba. Ko ƙurar garin ce ta shiga abincinki, hanjinki zai sani."

Da Allah ya ba ta ciki na uku, Barnaba bai jira lokacin goyon ciki ya yi ba, ya kawo ta gidan uwarta tun cikin yana ƙarami. Ya durƙusa ya ce, "Mama, gidanmu gidan yawa ne, tukunya ɗaya, ludayi ɗaya. Ba wanda zan iya ba wa amanar nan sai ke."

Ta ce, "Tashi, ɗana. In dai alkama ce, ba za ta kwana a gidan nan ba."

Ta kuwa cika alkawari, har ta so ta wuce gona da iri. Ta kyautar da taliya da garin fulawa, ta zubar da ragowar cincin, ta sayi sabuwar rariya da sabuwar muciya. Ta daina kai niƙa inji, gama ta san injin gari ba ya zaɓen hatsi. Mai tallan burodi ma ya sauya hanya, don ranar da ya tsaya a ƙofarta yana kira, da tsintsiya ta fito masa. Amma ba ta gaya wa kowa dalili ba. Ciki ba a tallansa, balle cikin da aka daɗe ana nema.

Sai wata damuwa ta taso. Keziya ta ƙi abinci. Tuwon acha, shinkafa, gwate, ko ƙamshinsu ta ji sai amai. Abu ɗaya ne yake zama a cikinta, wato salak mai tsami-tsami: latas da tumatir da kokwamba da dafaffen ƙwai. Wata nas a asibitin ta riga ta gargaɗe su game da mahaɗin salak na kwalba da ake sayarwa a kanti, ta ce wani akan sa masa garin alkama don ya yi kauri. Ta koya wa uwar yadda za ta haɗa nata a gida, irin wanda ita ma ta koya wurin waɗansu 'yan Italiya da ta yi aiki da su.

Matar da ba ta taɓa cin ɗanyen ganye da gangan ba, sai ga ta ta zama gwanar mahaɗin salak. Kowace safiya takan ɓare tafarnuwa, ta ɗebi masoro da gishiri da busasshen ganyen ɗoɗɗoya, ta daka su a turmi har su yi laushi. Ta kwashe ta zuba a kwalba, ta ƙara man zaitun da ruwan kal da ɗan zuma. Daga nan ta matsa lemun tsami a cikin turmin, ta juya shi da taɓarya, ta ɗauraye duk abin da ya maƙale a jikin itacen, ta juye a kwalbar. Ita ba ta yarda albarka ta tafi a banza ba. Sa'an nan ta rufe, ta girgiza har man da tsamin su haɗu, tana girgizawa tana addu'a.

Keziya takan ci ta suɗe kwano. Uwar takan zauna tana kallonta, ranta fari ƙal.

Turmin nan kuwa na kirya ne, tsoho, shi kaɗai take da shi, gindinsa duk ya tsattsage. Akwai kuma wata maƙwabciya, Mama Damaris, matar wani dattijon ikilisiya, wadda turminta ya fashe. Takan zo da rana ta ce, "Maman Keziya, a ba ni aron turmi." Da yamma ta dawo da shi a goge tas, har da godiya. Wannan Damaris ita ce ta dafa wa matar ruwan wankan jego sa'ad da ta haifi Keziya, ita ce kuma ta zauna da ita ranar da aka binne mijinta. Irin wannan mutum ba a hana shi turmi.

Kwanaki suka shuɗe, Keziya ba ta ji sauƙi ba. Tana ci, amma ciwon cikin yana nan, idanunta suka yi fari, ƙafafunta suka yi sanyi. Hankalin uwar ya tashi ƙwarai. Ta koma wurin mai sayar da man zaitun, ta yi masa tas, ta ce algus yake yi. Ta sauya zuma. Ta daina ɗiban ruwa a rijiya, ta koma famfo. Ta wanke kwalbar da tafasasshen ruwa har ta ƙona yatsu. Ta yi azumi, ta kira pasto ya yi addu'a a kowane ɗaki. An gudu ba a tsira ba.

Wata safiya Keziya tana zaune a tabarma tana kallon uwarta tana daka, sai ta ce, "Mama, kin taɓa tambayar Mama Damaris abin da take dakawa a turmin nan?"

Uwar ta tsaya da taɓarya a hannu. Gaskiya ita ma ta taɓa ganin wani fari-fari a cikin tsagar, ta kawar da kai.

Ta ce, "Ke, ana yi wa maƙwabci irin wannan tambaya? Sai ta ce na gaji da ba ta aro. Masara ce, me Damaris za ta daka in ba masara ba? Kuma ai ina ɗauraye shi."

"Ki dai tambaya, Mama."

"To, na ji."

Da rana Damaris ta zo. Maman Keziya ta buɗe baki za ta yi magana, sai kunya ta rufe ta. Abin da ya fito shi ne tambayar lafiyar mijin Damaris, "Yaya Baba da jiki?" Ta mirgino mata turmin da hannunta.

Ana nan, wata ranar kasuwa da hantsi, Keziya ta ƙwala kira daga ɗaki. Aka nemo mota, aka kama hanyar birni, amma kafin a kai, aikin gama ya gama, cikin ya zube. Namiji ne. An riga an ga yatsunsa.

Suka dawo gida hannu wofi. Maman Keziya ta yi kuka mai zafi, ta ce, "Ya Ubangiji, me ya rage ban yi ba? Na kori alkama daga gidana kamar yadda ake korar annoba. Wadda ba ta kula ba tana goyon jikoki, ni da na kula ga abin da na samu. Ina adalcinka?" Ba ta ji amsa ba. Ta daina addu'a, ta daina zuwa sujada, ta zauna kawai.

Mata suka yi ta zuwa gaisuwa. Mama Damaris ma ta zo da kwano a rufe, idanunta jawur, gama ta yi kuka da gaske. Ta ajiye kwanon ta ce, "Ki lallashe ta ta ci, ko loma ɗaya ce. Tuwon alkama ne, yana sa ƙarfi."

Matar ta ɗago kai. "Tuwon me?"

"Alkama. Ai tun da likita ya ce Baba yana da ciwon suga, ya hana shi tuwon masara, shi muke ci. Ɗanmu ya aiko mana da buhu daga inda yake noman rani. Allah dai ya sāka miki, Maman Keziya. Ba don turminki ba, da a ina zan riƙa surfa ta?"

Maman Keziya ta juya ta dubi turmin. Ta tashi, ta ɗauko wuƙa, ta durƙusa gaban turmin, ta sa tsinin a cikin tsagar ta kankaro. Sai ga wani farin ƙulli ya fito, mai danƙo, yana ƙamshin tafarnuwa da lemun tsami. Ta sake kankarowa, ya sake fitowa. Ruwan da take ɗauraya da shi bai taɓa kaiwa can ba, amma tsamin da take matsawa kowace safiya ya kai, ya jiƙa shi, ya kwaso shi zuwa cikin kwalba.

Ko shi ne ya zubar da cikin, ko da wani abu a haɗe, likita ma bai rantse ba. Amma uwar ba ta nemi a rantse mata ba. Ta dubi hannuwanta ta ce, "Ni ce na girgiza, ni ce na zuba, ni ce na ce mata ta cinye."

Keziya tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ta ga kome. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mama, ai na ce ki tambaya."

Bayan 'yan kwanaki Barnaba ya zo ya ɗauki matarsa. Ya gaishe da surukarsa da ladabi, bai faɗi magana mai zafi ko ɗaya ba, ita kuwa da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Suka tafi. Ta zauna ita kaɗai a gidan da babu ko ƙwayar alkama a rumbunsa.

To, ga ma'anar wannan misali, ku saurara da kyau.

Turmin nan zuciyarka ce. Duk abin da za ka ba iyalinka, da magana da tarbiyya da addu'a, a cikinta ake daka shi. Da yawa daga cikinmu mun kori manyan zunubai da tsintsiya, kowa ya gani ya yaba. Ba ma sha, ba ma sata, muna kan gaba a sujada. Amma daga Litinin zuwa Asabar muna ba da aron zuciyar, ba ma tambayar abin da ake dakawa a ciki. Kina ba da aron kunnenki a bakin famfo, inda ake cin naman mutane. Kana ba da aron idonka ga abin da ke cikin waya. Ran Lahadi da safe mu ɗauraye sama-sama, mu ce ai ta tsarkaka. Abin yana can cikin tsaga. Ranar da za ka yi wa ɗanka faɗa, ko ki amsa wa mijinki, ranar zai fito, su kuwa su ci, don daga hannunka ya zo.

Ku lura, Mama Damaris ba muguwa ba ce, alkama kuma ba dafi ba ce. A gidanta magani ce. Abin da wani ya ɗauka ya zauna lafiya, kai yana iya rushe maka gida, kuma kai ka san wanne ne. Matar nan ma ta ga farin a cikin tsagar. Ba rashin ƙauna ya kā da ita ba, ba kuma lalaci ba. Kunyar mutum ce ta fi mata nauyi a kan amanar da aka ba ta.

Ina so in ce muku Keziya ta dawo da jariri a goye, amma misalin bai faɗi haka ba. Allah yana gafartawa, hakika yana gafartawa, shi ne kuma kaɗai mai iya ba mutum sabuwar zuciya in tsohuwar ta tsattsage. Amma gafara ba ta mai da wanda aka riga aka binne. Saboda haka in akwai tambayar da kake jin nauyin yi, in akwai wanda ya kamata ki ce masa a'a, kada a bari sai an taru gaisuwa. Ku tashi daga nan ku je ku yi ta yau, tun wanda kuke ciyarwa yana da sauran ƙarfin ce muku ku tambaya.