Rijiyar Ranau, Wadda Ba a Ɗiba wa Kai

A zamanin da birni bai tsallake ganuwarsa ba, wurin nan da unguwarmu take a yau daji ne baƙi ƙirin, ƙaya da sabara da kukoki, ba mai ratsa shi sai ya yi sallama da iyalinsa. Yaran yanzu in ka gaya musu haka sai su yi dariya, don sun buɗi ido sun ga majami'a da rufin kwano da lasifika, sun zaci a haka aka sauko da ita daga sama. To, su zauna su ji.

A dajin nan akwai wani mafarauci Bamaguje, sunansa Ranau ɗan Tambai. Makaɗa suna yi masa kirari da cewa, "Ranau na Tambai, gatari maganin kurmi, mai kwana inda zaki ya tashi!" Dattawa sun ce shi kaɗai yakan saɓo gwanki a kafaɗa tun daga bakin rafi har gida bai sauke ba, kuma kura in ta shinshina sawunsa takan sake hanya. Amma ranar wuya ba ta sallama. Wata rana ya harbi ɓauna, dafin bai kama ta da wuri ba, ta juyo ta soke shi a cinya, ta watsar da shi cikin ƙaya ta yi gaba.

Waɗanda suka tsince shi ba mutanen da ake zuwa wurinsu gaisuwa ba ne. Su tara ne, maza biyar mata huɗu, dukansu kuturta ta cinye musu yatsu. An yi musu magani a wani asibitin mishan mai nisa, cutar ta tsaya, a can kuma suka karɓi bangaskiya. Da suka dawo gida sai garinsu ya ƙi su, aka hana su rijiya, aka hana su kasuwa. Suka kafa bukkoki a bakin wani tafki cikin dajin, suna kamfatar ruwa da ƙwarya tsakanin dungu biyu, ranar Lahadi kuma su taru a gindin ɗorawa su yi addu'a da waƙa. Babbarsu ita ce Iya Damaris, mace 'yar ƙarama mai kaifin harshe, wadda ta koyi wankin miki a asibiti. Kwana arba'in tana wanke cinyar Ranau da ruwan zafi da gishiri, yana ihu, tana ce masa, "Yi shiru, ɗana. Ɓauna ba ta sa ka kuka ba, sai gishiri?"

Ranau ya miƙe a farkon rani, ya duba tafkin ya ga ya soma ja da baya tun lokaci bai yi ba. Ya san daji, ya san shekarar nan fari ne, kuma in tafkin ya ƙafe mutanen nan tara ba su da inda za su nufa. Sai ya rantse ba zai bar su ba sai ya ba su ruwan da ba ya ƙafewa. An ce ɓaunar da ta soke shi ce ta dawo da safe, ta tsaya gabas da ɗorawar tana tonon ƙasa da kofato, sannan ta tafi, a nan ya kafa diga. Ni ban gani ba, amma waɗanda suka faɗa mini ba maƙaryata ba ne. Kwana ashirin da ɗaya yana haƙa shi kaɗai, har gaba goma sha biyu, ruwa ya ɓullo garau mai sanyi. Ya tufka igiyar rama mai kauri, ya ɗinka guga da fatar gwanki, ƙato, irin wanda cikinsa ɗaya yake cika tulu biyu. Ya ja, ya cika musu randuna.

A al'adar mafarautan wancan lokaci, wanda ya yi alheri ba ya tsayawa a gode masa, don sun ce godiya tana sanyaya bakan harbi. Saboda haka da mutanen suka taru a gindin ɗorawa suna waƙar yabo, Ranau ya rataya kwarinsa ya shige daji ba sallama, zuciyarsa fari fat. Ya auna igiya da hannunsa, ya auna guga da ƙarfinsa, bai taɓa kawo wa ransa cewa waɗanda ya yi wa aikin ba su da yatsan riƙe igiya ba.

Kwana takwas ya yi, ya dawo da nama a kafaɗa. Bai ji waƙa ba, bai ga hayaƙi ba. Tafki ya zama tsagaggen laka, randuna sun bushe, igiyar rama kuwa duk jini da shaidar haƙora. Sun gwada da dungu, igiya ta saɓule musu fata. Sun gwada da haƙori. Sun ɗaura a ƙugu sun ja da baya, guga ya riƙa gogar bango yana zubewa, ya iso da abin da bai wuce tafin hannu ba, suka riƙa raba shi kurɓi kurɓi. Wani tsoho cikinsu, Baba Sila, ya riƙa ba da nasa kurɓin ga mata, ya cika a rana ta shida, taku goma daga ruwa.

Iya Damaris tana jingine da ɗorawa, leɓɓanta sun tsage. Ta dube shi ta ce, "Sannu da dawowa, ɗana. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ka ba mu ruwa irin na masu yatsu."

Gatari maganin kurmi ya durƙusa ya yi kuka kamar yaro. Ya tashi ya ja ruwa har kafaɗunsa suka mutu, ya shayar da su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rataye kwari da bakansa a reshen ɗorawa ya ce daga yau shi ne yatsunsu. Iya Damaris ba ta yaba masa ba. Ta ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ran da zazzaɓi ya kayar da kai fa?" Abin ya hana Ranau sukuni, don ya san gaskiya ta faɗa.

Fari ya tsananta, rijiyoyin garin da ya kore su suka ƙafe kaf. Labari ya kai cewa akwai ruwa a dajin kutare. Wata safiya sai ga mutanen garin, maza da mata, da tuluna da jakuna, sun tsaya nesa suna sunkuyar da kai. Ranau ya tare bakin rijiya, idonsa jajir, ya ce wanda ya hana ruwa ba ya shan ruwa, kuma kabarin Baba Sila bai bushe ba tukuna.

Iya Damaris ta rarrafo ta zauna kusa da shi. Ta ce, "Matsa, ɗana. Ba da wannan aka aiko mu ba. Ruwan Ubangiji ne, ba a saye, ba a hanawa." Sannan ta ɗaga murya ta ce wa jama'a, "Ku sha, ku shayar da dabbobinku. Ka'ida ɗaya ce. Duk wanda ya kama igiyar nan, gugan farko ba nasa ba ne, na wanda ba zai iya ja ba ne. Ya ɗauki tulun da hannunsa ya kai har bukka, sannan ya dawo ya ɗibi nasa."

Ba wanda ya matso, don a lokacin ko inuwar tulun kuturu ba a takawa. Ƙishi yana cin su, ƙyama tana riƙe da su. Can sai limamin garin, Malam Zubairu, dattijo mai furfura, ya naɗe hannun rigarsa ya fito. Ya ce, "Wallahi baiwar Allah ta fi mu gaskiya." Ya ja guga, ya cika tulun Iya Damaris, ya rungume shi a ƙirji ruwa yana jiƙa masa riga, ya kai har ƙofar bukkarta. Daga nan sauran suka bi, wasu suna kawar da fuska, amma suka bi.

Da damina ta sauka, ba duka suka koma ba. Wasu sun share gonaki kusa da rijiyar, wasu sun soma zama a gindin ɗorawa ranar Lahadi su ji abin da ya sa korarru suka shayar da masu korarsu. Ranau ya karɓi baftisma da ruwan da ya haƙa, shi ne kuma ya kafa dirkar majami'ar farko ta jinka. Birni ya tsallake ganuwa, ya yi ta rarrafowa har ya haɗiye dajin, aka sa wa wurin suna Unguwar Rijiyar Ranau.

Ina faɗa da alfahari, ba na kuma jin kunyar alfaharin: ikilisiyarmu ba attajiri ya kafa ta ba, mutane takwas marasa yatsu ne da mafarauci ɗaya da ya yi kuskure ya yarda ya yi. Aikinmu har yau shi ne wancan. Kowace Asabar matasanmu da zumuntar mata suna zaga unguwa da jarkoki, suna cika randunan tsofaffi da guragu da masu jinya, ba a tambayar mutum inda yake sujada. Rijiyar tana nan a harabar majami'a, ba ta taɓa ƙafewa ba, kuma ko fasto ne ya kama igiyarta, gugan farko na wani ne. Iya Damaris ta ƙara shekara talatin da huɗu a bakin rijiyar nan. Ba ta taɓa jan igiya ba, ba ta kuma sake yini da ƙishi ba har ta koma ga Ubangijinta.