Fure Ɗaya a Hannun Safara'u

Ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa. Yau ba labarin dariya na kawo muku ba, shari'a zan ɗora muku. Kai mai hamma a can baya, har da kai. In na gama, ba mai tashi sai ya faɗi inda ya tsaya.

Akwai wata mata 'yar Funtuwa, Barira, nas ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tal, Safara'u. Yarinyar nan 'yar fari ce, sannan sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, wato surukar Barira. Kun ga kunya biyu ta haɗu a kan mutum ɗaya. Tun ranar da aka raɗa sunan bai taɓa fita daga bakin Barira ba. "Ke" take ce mata, in ta kama dole ta ce "mai sunan Hajiya". Ba ta rungumarta a gaban mutane, ba ta yabonta, in wani ya yaba sai ta kau da kai. Ku yaran yanzu za ku ce ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, haka aka raine mu, kuma a gida ba ya cutar da yaro, don akwai masu yi wa uwa abin da kunya ta hana ta. Tun da aka yaye Safara'u tana hannun Gwaggo Kubura, yayar mahaifinta, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Gwaggo ce mai goyo, mai kitso, mai lallashi. "Uwata" take kiranta, tunda sunan mahaifiyarta gare ta.

Yarinya na shekara tara Barira ta samu aiki a wani asibiti a Istanbul, ƙasar Turkiyya, tana tarbar majinyata masu zuwa daga Najeriya, tana yi musu tafinta. Ta roƙi dangin mijinta su ba ta 'yarta. An sha fama kafin Baffa Lurwanu, ƙanin marigayin, ya yarda, shi ma da sharaɗi. Ya ce yarinya ta fara karatu da Turanci, da Turanci za ta ci gaba, don in ta dawo gida kada ta zama baƙuwa a aji. In zangon karatu ya zagayo ba ta cikin makarantar Turanci, to a sako ta jirgi ta koma hannun Gwaggo, magana ta ƙare.

Kafin a samu gurbi, sai aka fara sa ta a makarantar gwamnati ta unguwa, inda komai da Turkanci ake yi. Allah sarki. Yarinya mai surutun da har Gwaggo kan toshe kunne ta zauna a bencin baya, ba ta jin kowa, ba mai jin ta. A gida kuma ga uwar da ba ta kiran sunanta, ba Gwaggo, ba maƙwabta, ba ko ɗan akuya da zai yi kuka a tsakar gida. Ɗaki biyu ne a saman bene, su biyu rak, sai ƙarar cokali a kwano. Sannu a hankali maganar yarinya ta ragu, daga nan ta ɗauke ɗif. Ko an kira Gwaggo a waya sai ta juya baya, don ta ɗauka Gwaggon ce ta yar da ita. Barira takan wuni tana ara wa baƙi bakinta a asibiti, ta dawo gida ta rasa kalma ɗaya da za ta ba 'yarta. Abin yana cin ta sosai, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

Ta shiga neman makarantar kuɗi ta Turanci, irin wadda 'ya'yan baƙi daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa. Ta farko katafariya ce, har da wurin ninƙaya. Aka kira su ganawa. Safara'u ta durƙusa har ƙasa ta sunkuyar da kai, kamar yadda aka koya mata. Barira ta zauna nesa da ita, kamar yadda ita ma aka koya mata. Shugaban makarantar ya ce ta faɗi abin da take alfahari da shi game da 'yarta. Barira ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ba ta da laifi." Ya jira ƙari, bai samu ba. Ya tambayi sunan da take kiranta da shi a gida, ta kau da kai. Malaman suka dubi juna. Ga yarinya ba ta magana, ba ta ɗaga ido, ga uwa ba ta ko kallonta. Me za su zata? Suka rako su har ƙofa da fara'a, suka ce gurbi ya cika. Wata malama ta bi Barira da irin kallon da ake yi wa mai dukan yaro, kallon nan kuwa ya daɗe bai sake ta ba.

Ta biyu ta kwana ce, can bayan gari, ba su tambayi komai ba, suka ce a kawo ta gobe ma. Sharaɗin Baffa zai cika. Barira ta tsaya a ɗakin kwanan ɗalibai, ta dubi jerin gadaje, ta ce a ranta, na raba ta da Gwaggo don in kawo ta nan in sake ajiyewa? Ta kama hanya ta fito. Lokaci kuwa yana ta ƙurewa, har Baffa ya fara tambayar ranar jirgi.

To, a nan mutum ta farko cikin ukun da za ku yi wa shari'a ta shigo. Hajiya Tsahara 'yar Damagaram ce, ta daɗe a Istanbul tana tura kaya zuwa Kano da Maraɗi. A asibiti suka haɗu, kuma ita kaɗai ce Barira take jin Hausar da ba ta zancen ciwo ba a bakinta. Ta san wata 'yar ƙaramar makarantar Turanci a tsallaken ruwa, sai an hau jirgin fito. Ba ta da wurin ninƙaya, amma ajin ba cunkoso, kuma ba a barin yaro ya ci abinci shi kaɗai. Ta san ta ne saboda autanta Ilu ya daɗe a layin jira, sai bana gurbi ɗaya ya buɗe a ajinsu, aka ba shi. Har an ɗinka masa yunifom, yana ta gwadawa a gaban madubi. Tsahara ta dubi Safara'u a takure a lungun kujera, ta ce, "Barira, Ilu yana jin Turkanci kamar ɗan gari, zai iya jira. Wannan ba za ta iya ba." Ta je da ƙafarta ta ce a mayar da gurbin ga Safara'u. Mijinta ya yi ta faɗa, Ilu ya daina cin abincinta na ɗan lokaci, kuma babu tabbacin gurbi zai sake buɗewa. Ba don ita ba, da babu kujerar da za a yi magana a kai.

Amma makarantar tana da tata al'ada. Shugabarta, wata dattijuwar Baturiya mai furfura, ba ta karɓar yaro sai an yi zama biyu a ɗaya: ta ji muryar yaron da kunnenta, sannan uwa ko uba su dubi yaron, su kira sunansa, su faɗa masa abin da suke so game da shi. Ta ce yaron da aka ɗauko daga ƙasarsa dole ya shiga aji yana sane da cewa akwai mai jiransa a gida.

Barira ta san baki ɗaya ne zai iya buɗe bakin Safara'u. Ta kira Gwaggo Kubura, kunya kamar ta nutse, ta roƙe ta ta sa yarinyar ta yi magana a zaman. Ku tuna fa, in yarinya ta yi shiru a zaman nan, hannun Gwaggo za ta koma. Gwaggo ta riga ta share ɗakin, ta shimfiɗa sabon zanen gado, ta gaya wa duk unguwa Uwata na dawowa. Ta saurari Barira har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ki kira ni ranar."

Ranar ta zo. Aka kira ta ta bidiyo, Baffa Lurwanu ne ma yake riƙe mata wayar. Safara'u na ganin fuskarta a gaban baƙin nan sai ta fashe da kuka, ta ce, "Gwaggo, ki zo ki ɗauke ni." Maganarta ta farko ke nan bayan watanni. Wallahi da Gwaggo ta ce to, da shi ke nan. Sai Gwaggo ta ɗaure fuska ta ce, "Haba Uwata, in kai ki ina? Ɗakinki na zuba masara a ciki. Zauna wurin uwarki ki yi karatu. Maza ki gaya wa matar nan labarin akuyarki da ta cinye min sabulu, da Turancin nan da kike cika min kunne da shi." Yarinya ta share hanci, ta fara a hankali, tana sheshsheƙa, har ta kai inda akuya take kumfa a baki. Baturiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Gwaggo ma ta yi dariya, tana zaune a kan sabon zanen gadon, a ɗakin da babu ko ƙwayar masara. Ba don ita ba, da kujerar Tsahara ta tashi a banza.

Saura Barira. Dattijuwa ta juyo ta ce, "Yanzu ke. Dube ta, ki kira sunanta." Barira ta kai hannu za ta kashe wayar, sai ta ga yarinya ta ƙanƙame ta a ƙirji. Ga Gwaggo, ga Baffa, suna ji. Sunan da za ta kira na uwar da ta haife su ne, kuma na 'yar farinta. Ku da ba ku san nauyin wannan ba, ku tambayi kakanninku. Gumi ya keto mata a cikin sanyin nan. Ta tuna da jirgin da ke jira, ta tuna da ɗaki biyu a saman bene in ya zama ita kaɗai. Ta ɗaga ido ta dubi 'yarta sosai, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutum ba.

"Safara'u," ta ce. "Ina ganin yadda kike rufe min abinci in na yi latti. Ina ganin kina kai takalmana kusa da abin ɗumama ɗaki. Ni na haife ki, kuma ba ni da abin da ya fi ki a duniya."

Yarinya ta yi tsai tana kallonta. Sai ta ce, "Mama, ashe kin san sunana?"

Kai, jama'a. Ko Baturiyar da ba ta jin Hausa sai da ta cire tabarau. Aka karɓi Safara'u. Amma Baffa ya kashe waya ba sallama, kafin sati ya zagayo dangi sun ji cewa Barira ta zama Baturiya, ta kira sunan Hajiya surukarta gatsal a gaban 'ya'yanta. Masu gaishe ta a waya suka ragu, ita da ma can ba ta da kowa. Ba don ta buɗe baki ba, da sadaukarwar matan nan biyu ta tafi a iska.

Zango ya ƙare, yarinya ta dawo da surutunta, har ta yi ƙawa 'yar Koriya. A makarantar akwai bikin da suke yi wa sababbin ɗalibai: kowane yaro a ba shi fure ɗaya, ya kai wa mutum ɗaya da ya zama sanadin zuwansa. Safara'u ta roƙi uku, malama ta ce ɗaya ake bayarwa, haka ake yi wa kowa.

Aka jera kujeru a farfajiya. Ga Hajiya Tsahara, Ilu na gefenta cikin rigar makarantar gwamnati, yana kallon yaran da ya so zama cikinsu. Ga waya an jingina a kan kujera, fuskar Gwaggo a ciki, ta ci ɗaurin ɗankwali kamar mai zuwa biki, ita kaɗai a ɗaki. Ga Barira a ƙarshen layi, ta sunkuyar da kai kamar yadda uwar 'yar fari take yi, tana wasa da bakin mayafi. Ba za ta taɓa faɗa ba, amma ni zan faɗa muku: tana son furen nan, so mai tsanani, kuma tana jin kunyar son.

Aka kira sunan Safara'u. Ta taho da fure a hannu, ta tsaya a gaban kujerun uku. Ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta dubi uwarta.

Ni a nan na tsaya, kuma kada wanda ya ce min a raba furen uku, ban yarda da wayon nan ba. Wadda ta cire gurbin daga hannun ɗanta, da wadda ta kori abin da ta fi so da bakinta, da wadda ta karya kunyarta a gaban surukai ta rasa dangi, to, ku gaya min: a cinyar wa ya kamata Safara'u ta ajiye furen nan?