Kiɗan Motar Shara

Akwai wani Ba'amurke mai suna Dalton Pruitt da ya taɓa zama a benenmu, nan unguwar Wanhua a birnin Taipei. Matafiyi ne, ya ga ƙasashe da yawa, yana kuma jin yaren gari daidai gwargwado. Ya kama ɗaki a hawa na huɗu, ya ce wata shida zai yi ya ƙara gaba.

A nan shara ba ta kwana a bakin ƙofa. Ƙarfe bakwai na yamma motar shara take shigowa layi tana kiɗa, kowa ya sauko da ledarsa ya jefa da hannunsa. Kafin ta iso ana tsaye ana gaisawa, ana lura da wanda ya fito da wanda bai fito ba.

Dalton ya ce shi kam ba da shi ba.

"In tsaya a titi rungume da shara ina jiran mota? Ashe ba ni da aikin yi!"

Sai ya riƙa ajiye ledarsa a kan matakala, ya rufe ƙofarsa.

A hawa na uku akwai Kaka Tseng, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya. Mijinta ya rasu, ɗanta guda yana Kanada. Kullum yamma sai ta dafa bango ta hau sama, ta ɗauko ledar Dalton ta haɗa da tata.

Wannan abu ya ishi Kawu Liao, mai gidan da muke haya.

"Haba Kaka, da wannan gwiwar taki? Ki bar shi ya ruɓe tare da sharar tasa mana!"

"Ledar ba ta da nauyi," in ji ta. "Kuma in na gan ta, na san yaron nan yana raye."

Duk mun tuna matar da ta zauna a wannan ɗakin kafin Dalton. Sai da ta kwana tara da rasuwa kafin a sani. Kaka takan ce ita ba mutuwa take tsoro ba, abin da take tsoro shi ne ta tafi ba wanda ya lura.

In ta haɗu da Dalton a matakala sai ta ce, "Ɗana, ka ci abinci?" Gaisuwarmu ce kawai, amma shi ya ɗauke ta shisshigi. Ranar nan a gabana ya ce mata, "Kaka, cikina ne ko naki?" Wallahi raina ya ɓaci. Ita kuwa murmushi ta yi ta ba shi hanya.

Ana nan, wata ranar Talata Kaka ta hau ba ta ga leda ba. Laraba ma babu. Ranar Alhamis ba ta jira yamma ba, ta tasa Kawu Liao a gaba da mabuɗi.

Kwance a ƙasa suka same shi, zazzaɓi ya kayar da shi, ko waya ba ya iya ɗagawa. Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya, da sai dai wani labarin.

Da aka sallamo shi, ya tsaya a ƙofarta kansa a ƙasa.

"Kaka, yaya aka yi kika sani?"

"Shararka ce ta gaya mini," ta ce. "Shigo, na dafa kunun shinkafa. Dubi yadda ka koma kamar tsinke."

Ya ci yana hawaye, kunya ta hana shi ɗaga ido.

Tun daga ranar, da an ji kiɗa za ka ga Dalton yana saukowa da leda biyu, Kaka na biye da shi a hankali. Kawu Liao yakan tsokane shi, "A'a, yau mai aikin yi ya samu sarari?" Shi kuma ya yi dariya. Wata shida suka cika, bai tafi ba.

Wata yamma cikin sanyi ya dawo daga kasuwa daidai lokacin da mota ta shigo layi. Ya duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Mu duka muna ta hira, ni ma ban lura ba, kuma har yau abin yana damuna.

"Ina Kaka?" ya ce.

Bai jira amsa ba. Ya watsar da kayan hannunsa ya haura a guje, Kawu Liao na binsa da mabuɗi.

A banɗaki suka same ta. Tun safe ta zame ta faɗi, ƙugunta ya karye, muryarta ta dushe da kira. Da ta gan shi sai ta kama hannunsa.

"Na ji kiɗan," ta ce. "Na ce yanzu ɗana zai duba bai gan ni ba."

Ana saka ta a motar asibiti ta sake buɗe ido. "Ka ci abinci?"

"Na ci, Kaka," in ji Dalton. "Ke fa?"

Kwana biyar ta yi a asibiti. Sun isa ɗanta ya taso daga Kanada ya same ta da rai. Ta cika yana riƙe da hannunta na dama, Dalton na riƙe da na hagu.

Har ya bar garin nan, Dalton bai sake fashin fitowa ba. Yakan sauko tun kafin a ji kiɗa, ya tsaya inda Kaka take tsayawa, yana ƙirga tsofaffin layinmu.

Darasi: Kada ka raina al'adar mutanen da ka tarar don ba ka san dalilinta ba, kuma kada ka wulaƙanta mai tambayar lafiyarka. Wata rana shi kaɗai ne zai lura ba ka fito ba. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, sannan yau ku leƙa maƙwabcin da kuka kwana biyu ba ku gani ba.