Kujerar Da Ta Riƙe Anti Alƙaluma

Akwai wata mata a sashen ƙididdiga na wata hukumar lafiya, ana ce mata Anti Alƙaluma. Ita ke tace bayanan da ƙananan asibitoci ke turowa, ta yi hasashen yawan maganin da kowanne zai buƙata. Da ƙyar ta samu kujerar nan a tsakiyar maza, ba wanda ya kama hannunta. Shi ya sa ta ƙanƙame aikin.

Sai aka ɗauki wata yarinya da ba ta daɗe da gama jami'a ba, 'yan ofis suka sa mata Auta. Kullum sai ta jawo kujera kusa da Anti.

"Anti, asibitin nan sun rubuta jariri mai shekara casa'in. Gogewa ake yi ko gyarawa?"

"Ajiye, zan duba," in ji Anti, tana karkatar da fuskar kwamfutarta.

A hankali Auta ta koma jera takardu da shirya ɗakin taro.

Ana nan sai aka ce za a naɗa shugaban sashe. Anti ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta haɗa shayi ya huce, ta leƙa ƙofar darakta ta dawo. A gida ma mijinta ya ce, "Wai ke faɗin falon nan kike aunawa?"

Da darakta ya kira ta, bai yi kwana-kwana ba.

"Kowa ya san ke kika fi cancanta. Amma in na ɗaga ki, wa zai yi hasashen magani? Lokacin da kika kwanta jinya rahoto bai fita ba, har maganin yara ya yanke a wasu asibitoci. Wa kika koya wa?"



Wani da ya same ta a aiki aka ba muƙamin.

Anti ta dawo ofis, ta tarar Auta na tattara kayanta.

"Ina zuwa?"

"Na samu aikin karɓar baƙi a wani kamfani, Anti. Ƙididdiga na karanta, amma a nan buɗe ambulan ɗin wasiƙu kawai na ƙware a kai."

Anti ta juyo mata da kwamfutar.

"Zauna, ƙanwata. In kin ga ba ki ƙaru ba zuwa ƙarshen shekara, ni zan raka ki bakin ƙofa."

Auta ta sauke jakarta. Daga ranar Anti ta fara koya mata hasashen magani.

Muƙamin dai ya wuce. Amma da aka tashi tura mutum ƙaro ilimi, wanda Anti ta sha nema ana hana ta, darakta ya sa mata hannu nan take. Ta tafi ta dawo, ta tarar rahoto ya fita a kan lokaci, Auta kuma ta zaunar da wata sabuwa a gefenta tana koya mata.

Darasi: Ilimin da kika ɓoye don kada a maye gurbinki, shi zai ɗaure ki a wuri ɗaya. Ki koya wa ta bayanki, ke ma ki samu hanyar gaba. Ku tura wa duk wata 'yar'uwa da ke da ƙanne a wurin aiki.