Jinin Barau Mai Faci

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah mai facin taya, ana ce masa Barau. Shekara goma sha tara yana tare da matarsa Ladingo, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Sai da ta haura arba'in Allah ya ba ta ciki.

A wajen awo malamar asibiti ta ce masa, "Malam, haihuwar fari ce, ga shekaru, ga jininta ya hau. Kada ta yi naƙuda a gida. Wataƙila sai an yi mata aiki."

Ya ce, "To." Ranar da aka nemi sa hannu, ya dangwala. Aka ciro 'ya mace, uwa lafiya, jaririya lafiya.

To, ku saurara. A majalisar ƙofar masallaci wani malami ya tare shi a gaban jama'a, ya ce, "Barau, ina tawakkalinka? Ka kai matarka an farke ta kamar buhu!" Aka kwashe da dariya. Barau ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah gafarta Malam, gani na yi Allah ne ya ba likitan ilimi."

Bayan shekara biyu, yayar malamin nan, ita ma ta manyanta kafin ta sami cikin fari, ta fara naƙuda. Mijinta ya nemi shawararsa, malamin ya ce a ƙara haƙuri a gida. Kwana biyu tana durƙushe a ɗaki. Kwana biyu, jama'a! Da aka kai ta asibiti, ɗan ya riga ya koma, ita kuma jini ake nema. 'Yan majalisa kowa ya zame. Sai ga Barau, hannu duk baƙin mai, ya naɗe hannun riga ya ce, "A ɗiba."

Ta rayu. Malamin ya kasa haɗa ido da shi. Barau kuwa abin da ya ce kawai, "Malam, yaya mai jiki?"

Jama'a, malamin nan ni ne. Har yau in na wuce rumfarsa, ƙasa nake kallo.

Neman magani ba rashin imani ba ne. Macen da ta daɗe ba ta samu ba, in ta samu, ku kai ta awo, ku bi maganar likita. Wadda aka yi wa aiki kuma, ku kame bakinku a kanta. Ni ban kame nawa ba, kun ji abin da ya jawo. Allah ya yafe mana.