Katin da Aka Aika wa Sila

Akwai wani mutum da yake kai wa garuruwan karkara intanet, irin garuruwan da ko layin waya bai kai ba. A kowane gari yakan gina ɗan ɗaki, ya sa wata na'ura a ciki, wadda take karɓar saƙonni tana rarraba su zuwa asibiti da makaranta da gidajen mutane. Masu aikin suna kiranta rauta. Sa'an nan ya sa mutum ɗaya ya riƙa lura da ita.

A garin da yake bakin rafi ya sa Irmiya. A garin da yake kan tudu kuwa ya sa Sila. Irmiya ne babba, shi ne ma ya koya wa Sila aikin tun bai iya ɓare bakin waya ba. Shekara tara rautar Irmiya tana aiki, ba ta taɓa tsayawa yini guda ba. Ba kuwa inda zai zauna bai faɗi wannan ba, ko gidan biki ne ko gidan makoki.

Wata rana maigidan ya aika wa su biyun da saƙo iri ɗaya. Ya ce, "Aiki yana ƙaruwa. Kowannenku ya kashe rautarsa yini guda, a buɗe ta, a ƙara mata memori, a sabunta manhajarta, a kuma sake abin da yake ba ta wuta." Memori shi ne inda na'ura take shimfiɗa aikin da yake hannunta, kamar tabarmar shanya. In tabarma ta yi ƙanƙanta, hatsin da aka ƙara sai ya zube a ƙasa.

Sila ya yi yadda aka ce. Aikin ya ƙi ƙarewa a yini ɗaya, ya ci kwana biyu. Shugaban makaranta ya zo har bakin ƙofa ya yi masa faɗa a gaban jama'a, masu shaguna kuma suka ce an ba su wanda bai san aiki ba. Da labarin ya kai wa Irmiya, sai ya yi dariya. Ya aika wa maigidan amsa cewa, "Tawa lafiyarta ƙalau. Ba a tsaga cikin mai lafiya." Maigidan ya sāke aikawa karo na biyu, Irmiya ya sāke ba shi amsar nan.

Bayan wata shida maigidan ya tara ma'aikatansa duka. A nan ya sanar cewa ya sayo wani sabon kati, irin wanda ake zurawa a gurbin da yake bayan rauta domin ya ƙara mata bakunan haɗa waya. Da wannan kati rauta ɗaya za ta ɗauki ƙarin ƙauyuka uku. Ya ce rautar Sila za a sa wa. Mutane suka yi tafi. Irmiya ya tafa sau biyu, ya mai da hannuwansa aljihu.

Tun daga ranar zuciyarsa ba ta sāke kwanciya ba. In Sila ya aiko da gaisuwa, ba ya amsawa. In an ambaci sunansa, sai ya ce, "Yaron nan? Ai ni na riƙe masa hannu." Ya fara gaya wa mutane a asirce cewa akwai dangantaka tsakanin matar Sila da matar maigidan, ko da yake ya san babu. A bayan rautarsa akwai gurbi ɗaya da ba kome a ciki, an rufe shi da ɗan ƙarfe. Shekara tara bai taɓa kula da shi ba. Yanzu kuwa kowace safiya, kafin ya share ɗakin, sai ya zagaya baya ya tsaya yana kallonsa.

Ana nan damina ta yi tsakiya. Wata ranar Laraba da hantsi, direban maigidan ya tsaya a ƙofar Irmiya da kwali a hannu. Ya ce, "Malam Irmiya, ruwa ya shafe gada, ba zan iya haurawa tudu ba. Ga katin Sila, ka ajiye masa har ruwa ya janye." Ya ajiye, ya juya da motarsa.

Irmiya ya ɗora kwalin a kan tebur. Ya fita ya dawo. Ya mai da shi ƙarƙashin tebur, ya sāke fito da shi. Can sai ya yanke igiyar ya buɗe.

A saman katin akwai takarda, an rubuta abin da rauta take bukata kafin a sa mata shi: memori gig huɗu, sabuwar manhaja, da abin ba da wuta mai ƙarfi. Irmiya ya karanta duka, ya kuma san a wannan ma'auni na memori, tasa gig ɗaya ce kawai. Amma ya ce a ransa, "Masu sayarwa ne suke rubuta irin wannan don a sayi sauran kayansu." Ya kwance ɗan ƙarfen nan, ya gwada katin a bakin gurbin, ya ga daidai yake kamar don shi aka yi. Ya ce, "In gurbi ya karɓa, me ya rage? Zan bar shi ya yi aiki awa ɗaya, in ɗauki hoto in aika wa maigida, ya ga wanda ya raina."

Sai ya kashe rautar. Abin da ya ƙi yi sau biyu don maganar maigidansa, ya yi shi nan take don kishi.

Ya zura katin, ya kunna. Fanka ta juya, fitilun gaba suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, kore, kore, kore. Da suka kai kan fitilar katin, sai ta yi ja, dukansu suka mutu, na'urar ta koma farko. Haka ta yi har sau huɗu, tana tashi tana faɗuwa kamar jakin da aka labta wa kayan raƙumi. A na biyar sai ya ji ƙauri. Ya yi maza ya zare katin, ya sāke kunnawa. Ba fanka, ba fitila. Tsohon abin ba da wutar ya ƙone.

Yana tsugune a wurin sai ga Afiniki, ma'aikaciyar jinya ta asibitin garin. Kowace Laraba likita yakan duba marasa lafiyarta daga birni ta hoton bidiyo, gama garin ba shi da likita.

Ta ce, "Malam Irmiya, me ya sami layin? Ina da mace mai cikin wata takwas, ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau, idonta ya fara gani dishi-dishi. Likita yana cikin faɗa mini abin da zan ba ta, sai magana ta yanke."

Irmiya ya ce, "Daga can birni matsalar take, ba daga nan ba."

Afiniki ta dubi kwalin da yake buɗe, da sunan Sila a jikinsa. Ta dubi Irmiya. Ta juya da sauri.

Ba abin da ya rage sai a haye da matar zuwa asibitin kan tudu. Aka kwantar da ita a kwalekwale, ruwa yana tafe ja wur da rassan itace. Mijinta ya shiga ruwan har ƙirji yana riƙe da gefen kwalekwalen, sai da ƙafarsa ta daina taɓa ƙasa aka jawo shi ciki. Irmiya yana tsaye a gaɓa cikin jama'a, ana ta tambayarsa yaushe layi zai dawo, ya kasa ɗaga kai.

Kwana biyu ba wanda ya san ko matar tana da rai, gama hanyar da labari zai bi ya zo, Irmiya ne ya toshe ta da hannunsa. Uwar matar takan zo ƙofarsa safe da yamma ta ce, "Ɗana, ba a ji kome ba?" Shi kuwa abinci ya ƙi shiga bakinsa.

A rana ta uku ruwa ya janye, sai ga maigidan tare da Sila. Tun kafin su gaisa Sila ya ce wa Irmiya, "Oga, matar nan ta tashi. An yi mata aiki, an sami 'ya mace. 'Yar ƙarama ce ƙwarai, za su daɗe a asibiti, amma tana shan nono."

Irmiya ya zauna a dandamali ya rufe fuskarsa.

Maigidan ya shiga ɗakin, ya duba, ya fito. Ya ce, "Irmiya, ka karanta takardar da take cikin kwalin?"

Ya ce, "Na karanta, ranka ya daɗe."

"To, me ya sa?"

Irmiya ya ce, "Shekara tara nake maka aiki ba a taɓa kuka da ni ba. Ni na koya wa Sila. Amma da abin kirki ya zo, shi ka kira a gaban mutane."

Maigidan ya ce, "Kai ka ɗauka katin nan lada ne. Kaya ne, na ƙauyuka uku. Ban ɗora shi inda na fi ƙauna ba, na ɗora shi inda aka yi masa wuri. Sau biyu na aiko a yi masa wuri a nan, ka ƙi, don kada a ce rautarka ta taɓa tsayawa."

Irmiya ya zaci korarsa za a yi, har ya ciro mabuɗin ɗakin ya miƙa. Maigidan ya ce, "Mai da shi aljihunka. Za a buɗe ta a yi mata abin da na faɗa tun farko. Sila ya riga ya bi hanyar, shi zai nuna maka."

Haka babba ya tsuguna kusa da wanda ya koya wa aiki, yana tambaya ana ba shi amsa. Sai da garin ya cika kwana shida ba layi kafin rautar ta tashi. Katin kuwa aka haura da shi tudu, wurin mai shi. Irmiya bai sami nasa a shekarar nan ba.

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Maigidan shi ne Ubangiji. Rautar ita ce rayuwar kowannenmu. Katin shi ne baiwa, ko matsayi, ko buɗin da muke gani a hannun wani muna haɗiyar yawu. Memori da wuta kuwa su ne abin da yake ciki wanda ido ba ya gani: haƙuri, tawali'u, gaskiya, zuciyar da take iya ɗaukar nauyin mutane ba ta ƙone ba.

Mai kishi gurbi kawai yake aunawa. Yakan ce, "Ni ma ina da murya, me ya sa ita aka ba jagorar mawaƙa? Na riga shi yin baftisma, me ya sa shi aka zaɓa dattijo? Tare muka buɗe shago, me ya sa nasa ya cika?" Wataƙila gaskiya ne, abin zai shiga gurbinka daidai. Amma shiga dabam, ɗauka dabam. Ba ka nan ranar da Allah ya tsai da wannan mutum, ya buɗe shi, mutane suna masa dariya. Wataƙila ma kana cikin masu dariyar.

Ku lura kuma da wanda ya sha wuyar kishin Irmiya. Sila bai rasa kome ba. Wadda aka kwantar a kwalekwale mace ce da ba ta san akwai wani kati a duniya ba. Haka kishi yake a gida da cikin ikilisiya. Ka auna ɗan'uwanka da jifa, dutsen ya sauka a kan 'ya'yanka, ko a kan raunanan da Allah ya ba ka amanarsu.

Saboda haka, in Ubangiji ya aiko maka ka tsaya, ko ta bakin mai gaya maka gaskiya, ko ta ƙofar da ta ƙi buɗuwa, kada ka ce lafiyarka ƙalau. Ka yarda a buɗe ka. Akwai kuma wani suna da ya zo zuciyarka tun ina cikin ba da labarin nan. Ba sai ka faɗa mini ba. Kafin Lahadi mai zuwa, ka je gidansa da ƙafarka, ka gaishe shi, ka zauna, ka ce masa, "Ɗan'uwa, koya mini."